An kai ni kotu kan harajin gidan da ban taɓa mallaka ba

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah waɗanda suka san shari'a da harkar filaye ku taimaka min da shawara, tun jiya ban runtsa ba. Ni tela ne, shagona yana Rijiyar Lemo, gidan da nake zaune kuma haya ce a Kurna, ɗaki biyu, shekara tara ke nan. Jiya bayan azahar ina kan keke ina haɗa wuyan wani kaftani sai ga wani mutum da jaka a hammata, ya ambaci sunana, na ce ni ne, ya miƙo takarda ya ce in sa hannu na karɓa. Ashe sammaci ne. Yaron shagona ya karanta min, wai wata hukuma ce ta yi ƙarata, ana bi na kuɗin ƙasa na shekara goma sha ɗaya a kan wani gida a Hotoro, da tara da komai ya kama naira 612,000. Wallahi ko fegi ban taɓa mallaka ba a garin nan. Mahaifinmu da ya rasu gona kawai ya bari a ƙauye, ita ma an raba. An ce in bayyana nan da kwana goma sha biyu. Yaya zan yi?

Abban Walid: Wa alaikumus salam. Malam kwantar da hankalinka, suna ne ya zo ɗaya. Mutum nawa ne a Kano masu irin sunanka da na mahaifinka? Ka share su kawai, in sun gaji za su nemo mai gidan na gaskiya. Wanda ba shi da gida me za a ƙwace masa?

Maman Hanif: A'a Abban Walid, don girman Allah kada ka ba shi wannan shawarar. Ƙanin maigidana haka ya yi, aka kawo masa sammaci kan wani bashin da bai san da shi ba, ya cusa a ƙarƙashin katifa ya ce ai ba shi ba ne. Aka yi zama babu shi, aka yanke hukunci a bayan idonsa. Bai farga ba sai ranar da ya je cirar kuɗin makarantar yara aka ce masa kotu ta sa a riƙe asusunsa. Wata bakwai yana sintiri kafin a warware, abin da ya kashe ya kusa kamo bashin. Baban Ummi ka je, ko da keke za ka rufe na yini guda.

Sadik na Fagge: Kafin komai ka tabbatar takardar ta gaske ce. Akwai masu buga sammacin bogi, gobe su kira ka a waya su ce ka turo wani abu a kashe magana. Mutumin ya bar maka lambar waya?

Baban Ummi: Bai bar lamba ba Malam Sadik, bai kuma nemi ko sisi ba. Akwai hatimi da lambar ƙara a sama.

Barista: Malam Baban Ummi sannu, Allah ya kawo mafita. Hajiya Maman Hanif ta faɗi gaskiya. Kotu ba ta san ba kai ba ne sai ka je ka faɗa mata, kuma sunanka ne a kan takardar, hannunka ne ya karɓa. Gobe da safe ka ɗauki sammacin ka je ofishin rajistaran kotun da aka rubuta, ka ba da lambar ƙarar, su duba maka ko tana nan. In tana nan ka nemi kwafin duk abin da masu ƙara suka shigar, musamman lambar fayil ɗin filin da lambar fuloti. Wannan lambar ita ce bakin zaren. Da ita za a nemi binciken fayil a KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye ta jihar Kano, a ga wane ne aka ba filin, da hotonsa, da sa hannunsa, da adireshin da ya bayar.

A doka wanda ya yi da'awa shi ke kawo hujja, haka sashe na 131 na Dokar Shaida ta 2011 ya tanada, kuma sashe na 36 na tsarin mulki ya ba ka haƙƙin a saurare ka. To amma haƙƙin wanda ya zo ne. Ka tattara rasit ɗin hayarka na duk shekarun nan, da katinka na NIN. In ba ka da halin ɗaukar lauya ka je ofishin hukumar ba da agajin lauyoyi ta ƙasa da ke nan Kano, ko ka tuntuɓi reshen ƙungiyar lauyoyi, akwai masu tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Abu ɗaya da zan roƙe ka: kada ka biya ko naira ɗaya da sunan rage bashin kafin a gano gaskiya, domin biyan zai iya zama kamar ka amsa cewa naka ne.

Abban Walid: To Barista ai mu kullum ana zuwa karɓar harajin shago da na gida, ba mu taɓa ganin an kai wani kotu ba.

Barista: Ba abu ɗaya ba ne Alhaji. Akwai kuɗin da ake ɗora wa gine-gine, wanda tsarin mulkin 1999 ya sa ƙididdigarsa a cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Kuɗin ƙasa daban yake. Tun da aka yi Dokar Amfani da Ƙasa a 1978 duk ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, wanda aka ba satifiket ɗin fili haƙƙin zama aka ba shi, galibi na shekara 99 in gidan zama ne, kuma cikin sharuɗɗan akwai biyan kuɗin ƙasa. Shi ya sa idan bashi ya taru sunan da ke cikin fayil ake bi, ba a tambayar wa ke kwana a gidan.

Hajiya Yaya: Allah ya saka da alheri Barista. Ni shekarata talatin a gidana a Gyaɗi-Gyaɗi, yau na fara jin bambancin nan.

Baban Ummi: Jama'a na dawo, ku yi haƙuri kwana biyar ba ku ji ni ba. Ƙarar gaskiya ce. Wani lauya matashi ɗan unguwarmu ya raka ni muka nemi binciken fayil. Da aka buɗe sai da na nemi wurin zama, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Hotona ne a ciki. Ƙaramin hoton fasfo, ina saurayi ko gemu ban tara ba, da wata hula zanna da na daɗe da mantawa da ita. Sa hannun ma nawa ne.

A hanyar dawowa cikin adaidaita na tuno. Kafin in koyi ɗinki na yi shekara shida ina yaron shago a Kantin Kwari. Wajen 2009 maigidana, Allah ya jiƙansa, ya tara mu mu huɗu ya ce kowa ya kawo hoto guda huɗu, washegari ya zo da wasu fom ya nuna mana inda za mu sa hannu. Ya ce wani abu ne na gwamnati. Ya ba kowa ɗari biyar. Wa zai tambayi maigida a lokacin? Mutumin da ya yi min aure, ya saya min keken ɗinkina na farko. Ban karanta ba, ban ma iya karantawa sosai ba. Ashe fili aka nema da sunana. Jiya na je na ga gidan daga nesa, bene ne mai baƙin get, da bishiyar darbejiya biyu a ƙofa, yara na wasa a waje. Na tsaya kusan minti goma na juyo, ban iya yin sallama ba.

Sadik na Fagge: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. To ya aka yi suka gano shagonka?

Baban Ummi: Adireshin Kwari ne a fayil. Can suka fara zuwa, 'yan layin suka kwatanta musu inda nake.

Abban Walid: Kai jama'a! Wannan ai tsuntsu ne daga sama gasasshe. Malam gidanka ne! Gwamnati da bakinta ta ce naka ne har ta kai ka kotu a kansa. Ka ranto dubu ɗari shidan nan ka biya, ka karɓi rasit da sunanka, sannan ka ce wa na ciki ya tashi. Shekara shida kana bauta a shago, Allah ne ya biya ka.

Malam Na-Madabo: Subhanallah. Alhaji Abban Walid ka ji tsoron Allah, ka goge maganar nan. Mutumin nan da bakinsa ya ce bai sayi fili ba, bai aza bulo ko ɗaya ba, ba a kuma ce masa an ba shi kyauta ba. Sunansa aka ara. Takarda ba ta halatta abin da Allah ya haramta. Ya tabbata a hadisi cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi har ƙasa bakwai ranar alƙiyama. Kuma ko alƙali ya yanke maka abin da ka san ba naka ba ne, yankin wuta ya yankar maka. Akwai iyali a cikin gidan nan da suka biya kuɗinsu.

Abban Walid: Allah gafarta Malam, ban ce ya yi sata ba. Amma shi da aka zalunta fa? An yi amfani da sunansa an ci riba, an ba shi ɗari biyar, yanzu bashi ya biyo shi. Shi ke nan sai ya tashi a tutar babu?

Malam Na-Madabo: An zalunce shi, ban musa ba. Amma ba mutanen cikin gidan ne suka zalunce shi ba. Ba a rama wa kura aniyarta a kan akuya.

Barista: Bari in ƙara a kan maganar Malam ta fuskar doka, don kada wani ya karanta ya ɗauka hanya ce. Idan mutum ya biya kuɗin kadara amma aka sa sunan wani, kuma babu hujjar cewa kyauta ce, kotu kan ɗauki mai sunan a matsayin mai riƙon amana ne kawai. Na cikin gidan zai fito da takardun cinikinsa, da shaidu, da shekarun da ya yi a ciki ba wanda ya ce masa uffan. Shari'ar fili mai satifiket ɗin gwamna kuma a babbar kotu ake yin ta, tana iya cin shekaru. Tela mai ɗaki biyu a haya ba zai jure ba, kuma ƙarshenta da wuya ya yi nasara.

Sai dai dole in gyara shawarata ta farko. Da na ɗauka suna ne ya zo ɗaya, da takardar rantsuwa ta wadatar. Yanzu kada ka kuskura ka rantse cewa ba ka san komai game da fayil ɗin ba, ko ka ce sa hannun ba naka ba ne. Rantsuwar ƙarya laifi ce mai zaman kanta, kuma hotonka na ciki. Abin da za ka faɗa shi ne abin da ka faɗa mana nan, ba ragi ba ƙari: an sa ka ka sa hannu kana yaron shago, ba ka taɓa karɓar takardar filin ba, ba ka taɓa shiga ba, ba ka sayar ba, ba ka ci ko kwabo ba. Lauyanka ya roƙi kotu ta shigo da wanda ke riƙe da gidan cikin ƙarar. In za ka samu ɗaya daga cikin abokan aikinka uku da kuka sa hannu tare, shaidarsa za ta yi nauyi ƙwarai.

Baban Ummi: Ɗaya ya rasu, ɗaya yana Legas, amma ɗayan yana nan a kasuwar Sabon Gari, muna gaisawa. Na kira shi ɗazu, hankalinsa ya tashi, ya ce shi ma gobe zai je a duba ko akwai fayil da sunansa.

Ɗan'azumi Dillali: Ni shekarata ashirin da biyu a harkar fili, bari in gaya muku yadda abin yake a ƙasa. Irin wannan fayil ɗin ba ɗaya ba ne ba biyu ba. In an yanka sabon wuri, mai hali yakan nema da sunan matansa da 'ya'yansa da yaransa. Takarda na fitowa sai a sayar. Mai saye ya karɓi takardar asali, a rubuta ta ciniki, shaidu su sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi, a yi addu'a a watse. Bayan shekara biyu shi ma ya sayar haka. Na san gidan da ya wuce hannu shida amma fayil na ɗauke da sunan mutumin farko da ya rasu tun tuni. Ba mugunta ba ce, mutane na gudun kashe kuɗi da zirga-zirgar canjin suna ne.

Maman Hanif: To Malam Ɗan'azumi ku da kuke karɓar la'ada me ya sa ba ku gaya wa mai saye gaskiya?

Ɗan'azumi Dillali: Hajiya muna faɗa wallahi. Amma mutumin da ya tattara duk abin da ya mallaka ya sayi fili, ka ce masa ya sake ware wani kuɗin na takarda, sai ya ce bari ya fara zagaye wurin tukuna. Daga katanga sai ɗaki, daga ɗaki sai tarewa, magana ta shiririce. Na yarda akwai dillalan da ke cewa ba komai don ciniki ya faɗa. Ba zan kare su ba.

Barista: Kuma nan ne haɗarin yake ga mai saye, fiye ma da mai suna. Sashe na 22 na dokar 1978 ya ce ba a sayar da fili mai satifiket ko a jinginar da shi sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci. Hatimin mai unguwa shaida ce mai amfani cewa an yi ciniki, amma ba ya canza sunan da ke fayil. Sannan sashe na 28 ya ba gwamna damar soke haƙƙin zama in an karya sharuɗɗan satifiket. Wato mutumin da ke cikin benen nan yana zaune ne a kan bashin da zai iya taɓa gidansa, takardun tunatarwa kuma suna tafiya Kwari wurin wanda ya bar kasuwar tuntuni.

Hajiya Yaya: Wannan magana ta taɓa ni. Da maigidana ya rasu aka zo rabon gado, sai muka tarar gidanmu na biyu yana kan sunan wanda ya sayar masa. Shi ma ya rasu. Muka bi 'ya'yansa su sa mana hannu, manyan suka yarda nan take, ƙaramin ya ce sai an ba shi kaso. Ina cikin takaba ana kawo min wannan labarin. Sai da dattawan unguwa suka shiga tsakani. Baban Ummi ɗana, in mutanen nan suka zo maka da mutunci ka sauƙaƙa musu, na san zafin abin.

Abban Walid: Hajiya ina girmama ki, amma ni dai a ganina kada ya sa hannu a banza. Sa hannunsa yanzu yana da daraja, ko miliyan biyu ya ce za su biya.

Malam Na-Madabo: Abin da ya kashe na mota da na lauya da na bincike, da kwanakin da ya rufe shago, haƙƙinsa ne a mayar masa, ya lissafa ya faɗa ba kunya. In sun ƙara masa da daɗin rai halal ne. Amma ya riƙe sa hannu ya ce sai an saya, alhali ya san gidan ba nasa ba ne, wannan cin dukiyar mutane ne ta hanyar matsi.

Abban Walid: Na ji Malam. Raina ne kawai ya ɓaci da yadda ake yi wa yaran shago. Ni ma na yi zaman Kwari, na san abin da ake sa mu sa wa hannu.

Barista: Ko kyauta zai sa hannun, kada ya yi gaggawa. Sai an jero takardun ciniki tun daga marigayi maigidansa har zuwa na yanzu, an ga ba inda zaren ya tsinke, kuma magadan marigayi sun tabbatar a rubuce cewa mahaifinsu ya sayar. In ba haka ba gobe wani zai fito ya ce tela ya haɗa baki an sayar da gadonsu. Kuma kada ya sa hannu a kan komai sai lauyansa ya karanta masa da Hausa.

Baban Ummi: Assalamu alaikum. Na ga duk abin da kuka rubuta, Allah ya bar zumunci. Ranar Lahadi na je Hotoro tare da lauyana, muka fara biyawa ta wurin mai unguwa, shi ya aika aka kira mai gidan. Dattijo ne, tsohon malamin makaranta, da kuɗin sallamarsa ya sayi gidan a 2014 bai gama ginuwa ba. Shi ne na uku da ya saya. Da ya ga sammacin hannunsa rawa yake yi, ya shiga ciki ya fito da wata jakar leda cike da takardu, har da ta asali mai sunana. Ya dube ni ya ce, ashe kai ne mutumin da nake gani a takarda shekara da shekaru, na ɗauka wani babban attajiri ne. Ya ce bai taɓa samun takardar neman kuɗin ƙasa ba ko sau ɗaya, ya kuma ce wanda ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski, bashin nasa ne.

Jiya aka yi zama. Na tsaya gaban alƙali na faɗi abin da ya faru kamar yadda Barista ya ce, abokina na Sabon Gari yana zaune a baya. Dattijon ya zo da kansa, lauyana ya roƙi a shigo da shi, ɗaya ɓangaren bai yi jayayya ba. Ya nemi a bar shi ya biya kashi uku. An ɗage zuwa wata mai zuwa don a kawo yarjejeniyar a rubuce. Ba a cire sunana ba tukuna, lauya ya ce sai an shigar da ita kotu ta amince.

Maman Hanif: Alhamdulillah! Wallahi har na yi ƙwalla. To batun canjin sunan fa?

Baban Ummi: Babban ɗan marigayi maigidana ya ce zai rubuto takardar, ya tuna lokacin da aka sayar da filin. Ya ba ni haƙuri sosai, na ce na yafe wa mahaifinsa, alherin da ya yi min ya fi wannan. Dattijon ya mayar min da dubu talatin da takwas da na kashe, ya kuma kawo min shadda biyu in ɗinka masa. Abokina shi ma an samu fayil da sunansa, fili ne a wajen Na'ibawa, har yanzu ba mu gano wanda ke riƙe da shi ba. Malam Ɗan'azumi in ka san dillalan wajen don Allah ka yi min magana ta akwati, zan turo maka lambar fulotin.

Ɗan'azumi Dillali: Turo yanzu. Gobe bayan la'asar ina wajen, zan tambayi masu unguwannin.